Kujera ɗaya ce a raga: sharhi kan rayuwar gola

Daren Laraba 7 ga Fabrairu 2024 ina zaune a gidan kallon da muka saba zuwa nan bayan Ƙofar Ƙaura a Katsina, Najeriya da Afirka ta Kudu, wasan kusa da na ƙarshe a kofin Afirka. An tashi ɗaya da ɗaya, an yi ƙarin lokaci babu wanda ya ci, aka tafi bugun fenariti. Wanda duk ya kalli wasan nan ya san yadda ta kaya, golan Najeriya Stanley Nwabali ya kaɗe ta Mokoena, ya zo ya tare ta Makgopa, Iheanacho ya buga ta ƙarshe aka tashi 4 da 2, benci ya karye a bayana saboda tsalle. Ana cikin wannan ihun ne wani bawan Allah mai gyaran waya, wanda kullum shi ke zama kusa da janareta, ya ɗaga murya ya ce "wallahi yaronmu ne, a Karkanda ya yi wasa!" Nan take gardama ta kaure, wasu na cewa ƙarya yake, ina Katsina ina wannan gola. To ba ƙarya ya yi ba, daga Katsina United Nwabali ya tashi ya koma Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022, shekarar da ƙungiyar tamu ta faɗa ƙaramin lig. Abin da ya tsaya mani a rai tun daren nan shi ne cikin mu kusan arba'in da ke ɗakin, da yawanmu masu zuwa filin Muhammadu Dikko, wato Karkanda, ne duk sati biyu, amma aka rasa mutum ɗaya da zai ce na tuna ranar da yaron nan ya kaɗe kaza. Har da ni. Mutum ya tsaya gabanmu sanye da riga mai launi daban da ta kowa, mun kalle shi ba mu gan shi ba.

Kuma ba wai mu ne muka fi kowa makanta ba, haka sana'ar take. Gola in ya yi aikinshi daidai ba abin da ke faruwa, ƙwallo ba ta shiga ba, allo bai canza ba, sai a ci gaba da wasa. Ɗan gaba ana ƙirga mashi abin da ya yi, shi kau gola abin da ya kasa ake ƙirga mashi.

Tun daga unguwa matsalar ke farawa. Ku tuna yadda ake zaɓen gola a filin bayan makaranta da la'asar, a ajiye silifas biyu ko dutse biyu a ce raga ke nan, manya su raba kansu, sai a waiwayo a ga wa ya rage. Ƙaramin ƙane da aka ce sai an tafi da shi, ko mai ƙiba da ba ya iya gudu, ko wanda ya zo a makare, shi ne gola. In kau kowa ya ƙi sai a yi karɓa-karɓa, wanda aka ci ya fito wani ya shiga, wato raga ta zama wajen horo. Ni kaina shekara kusan uku na yi a tsakanin silifas ba don ina so ba, don yayana ne mai ƙwallon kuma ya ce in ban tsaya ba in koma gida. Yaron da ya taso a haka ba zai taɓa cewa in na girma gola za ni zama ba, duk Ahmed Musa yake son zama. Amma fa ba a ce Arewa ba ta taɓa fitar da gola ba, dattawa har yau suna maganar Inuwa Lawal Rigogo da ya tsare ma Najeriya raga a shekarun 1960, sai dai ka duba tsawon lokacin, ka lissafa 'yan gaba da 'yan tsakiya da muka fitar daga nan zuwa yau, sannan ka lissafa gololi.

Babban abin da ya raba rayuwar gola da ta sauran 'yan wasa shi ne kujerar ɗaya ce tak. Ni da sarauta nake kwatanta ta, mu mutanen Katsina da Daura ba sai an yi mamu dogon bayani ba, gari ɗaya sarki ɗaya, 'yan sarki komi yawansu komi cancantarsu sai jira. Ɗan gaba in bai samu lamba tara ba ana iya tura shi gefe, ana iya sako shi saura minti ashirin ya ci ƙwallo gobe a fara da shi, yanzu ma da aka mai da canji mutum biyar dama ta ƙaru ma kowa. Ban da gola. Ba kocin da zai ce bari in ba gola na biyu minti goma ya motsa jini. Kulob na ajiye gola uku, ɗaya na wasa, biyu na zaune, kuma mai zaman bencin nan ya san hanyarshi ta shiga ba ta wuce uku ba, ko na gabanshi ya ji ciwo, ko ya samu jan kati, ko ya yi ta kwafsawa har koci ya gaji. Ka ga ashe arzikinshi na cikin tsautsayin abokin aikinshi, mutumin da suke tirenin tare kullum su kaɗai a gefen fili, shi ke buga mashi ƙwallo ya ɗumama jiki kafin wasa. 'Yan Arsenal sun ga wannan a 2023 da aka kawo Raya aka zaunar da Ramsdale, aka yi ta cewa za a riƙa juya su, a ƙarshe dai ɗaya ya zauna kan kujera ɗayan ya tattara kayanshi.

Shi ya sa gola ke daɗewa bai fito ba. Nwabali na da shekara 27 lokacin da kocin Najeriya Peseiro ya je har Afirka ta Kudu ya duba shi ya ba shi raga, a shekarun da wani ɗan gaban har an fara cewa ya kusa gangarowa. Edouard Mendy na Sanagal labarinshi ya fi ban mamaki, yana ɗan shekara 22 ba shi da kulob kwata-kwata a Faransa, har ya yi rajista cikin marasa aikin yi, daga nan ya samu shiga ƙaramar ƙungiyar Marseille, sai Reims, sai Rennes, 2020 Chelsea ta saye shi, 2021 ya ɗaga kofin zakarun Turai, farkon 2022 ya ɗaga kofin Afirka. Iyawar tana nan tun farko, kujera ce babu.

In ana son a ga duka rayuwar gola daga hawa har sauka a jikin mutum ɗaya, ni ban ga kamar Vincent Enyeama ba, don haka bari in ɗan daɗe a kanshi. An haife shi 1982. A kofin duniya na 2002 Ike Shorunmu ne mai raga, Ajantina ta ci mu, Suwidin ta ci mu, an riga an fitar da mu, sai a wasa na uku da ba abin da zai ƙara ko ya rage aka ce bari a gwada yaron nan ɗan shekara 19 da ke wasa a Enyimba. Da wa? Da Ingila mai su Beckham da Owen da Scholes. Aka tashi ba ci. To da a ce Najeriya na da sauran fata a wasan nan da wuya a ba shi, ka ga ƙofar da ya shigo ta nan ƙofar rashin nasarar wasu ce, kuma daga ranar ya riƙe kujerar sama da shekara goma, ya buga ma ƙasa wasa 101. Ka tambayi kanka gololi nawa ne masu kyau suka tsufa a benci cikin shekarun nan, su Austin Ejide da Dele Aiyenugba sun je gasa bayan gasa yawanci suna kallo.

Da Enyimba ya ci kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004, abin da ba wata ƙungiyar Najeriya da ta taɓa yi. Amma ga wani abin dariya, a wasan ƙarshe na 2004 da Etoile du Sahel ta Tunisiya da aka ga za a tafi fenariti sai koci ya cire Enyeama ya sako Aiyenugba, don a ganinshi shi ya fi iya kamun fenariti, kuma aka ci kofin. Wannan na cikin 'yan lokuttan da gola na biyu ke samun rana, minti kaɗan, ko ya zama gwarzo ko a ce mi ya sa aka sako shi.

Daga nan ba Ingila ya tafi ba, ba Sifen ba, Isra'ila ya tafi a 2005, Bnei Yehuda sannan Hapoel Tel Aviv, shekara shida. Mutum ya ci kofin nahiya sau biyu ya buga kofin duniya amma sai ta wannan lungu ya bi. Dalilin a ganina ba boyayye ba ne, kulob ɗin Turai na iya yin caca da ɗan gaba ɗan Afirka, in bai yi ba a zaunar da shi ba a yi asarar komi ba, amma raga ba wajen gwaji ba ce, koci na son wanda ke jin yaren 'yan bayanshi, wanda aka rena a makarantarsu, kuma dogo, shi kau Enyeama ba ya cikin dogayen gololi. A Isra'ila har shi ke buga ma ƙungiyarshi fenariti, ya ci Lyon ɗaya a gasar zakarun Turai ta 2010. A wannan shekarar ne duniya ta san shi sosai, 12 ga Yuni a Johannasbag, Ajantina ta ci mu ɗaya da kan Heinze, amma Messi ya yi ta bugu ta kowace kusurwa yaron nan na tashi sama yana turewa, har aka ba shi gwarzon wasa alhali ƙungiyarshi ce aka ci. Kwana biyar bayan nan da Girka ƙwallo ta kuɓuce mashi daga hannu Torosidis ya ƙarasa ta, aka ci mu 2 da 1, Allah ya rufa mashi asiri da jan katin Sani Kaita, duk zagin ƙasa ya koma can. Cikin sati guda ke nan, mutum ɗaya, hannu ɗaya.

2011 Lille ta Faransa ta ɗauke shi, sai ya koma ɗan sarki mai jiran gado, Landreau ne kan kujera, ya yi shekara a benci yana ɗan shekara 29 kuma golan ƙasarshi na ɗaya, har aka mai da shi aro Maccabi Tel Aviv. Yana can ya je ya ci kofin Afirka na 2013 ƙarƙashin marigayi Keshi. Da ya dawo Lille aka ba shi raga sai ya yi wasa 11 a jere ba a ci shi ba, minti 1,062, saura kaɗan ya kamo tarihin lig ɗin Faransa da gola Gaetan Huard ya kafa na minti 1,176, kuma ƙwallon da ta karya mashi lissafi a gidan Bordeaux sai da ta bugi ɗan bayanshi ta canza hanya. 2014 aka ba shi kyautar Marc-Vivien Foe ta ɗan Afirka da ya fi kowa a lig ɗin Faransa. A kofin duniya na Birazil Iran ba ta ci shi ba, Bosniya ba ta ci shi ba, da Faransa ya yi ta ceton mu har minti na 79, aka bugo kwana ya fito ya taɓa ta da yatsu bai ture ta da kyau ba ta sauka kan Pogba. Je ka tambayi mai kallon ƙwallo a Rafindadi abin da ya tuna a wasan nan, wannan fitowar zai faɗa maka.

Ƙarshen kuma ba daɗi. Oktoba 2015 ya je sansanin Najeriya a Beljiyam a makare bayan jana'izar mahaifiyarshi, suka samu saɓani da koci Sunday Oliseh, aka karɓe kyaftin aka ba Ahmed Musa, ya ce ya bar buga ma ƙasa. 2017 ya ji ciwo a gwiwa, kafin ya warke wani yaro da ke zaune a bencinshi mai suna Mike Maignan ya hau kujera, kuma bai sake sauka ba har ya ci lig da Lille a 2021 ya wuce Milan. 2018 aka sallami Enyeama shiru. Yadda ya shigo haka ya fita, shi ya gaji wani wani ya gaje shi.

Yanzu maganar kuskure, don nan ne rashin adalcin ya fi fitowa. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, da yawa ana tashi ɗaya da nema ko ɗaya da ɗaya, saboda haka ƙwallo guda na da nauyin wasa gaba ɗaya. Ɗan gaba ya zubar da dama biyar ya ci ta shida a ɗauke shi a kafaɗa, ɗan tsakiya ya ba da fasin banza akwai mutum huɗu bayanshi da za su gyara, gola in ya waiwaya ba kowa bayanshi sai zare. Janairu 2022 a kofin Afirka a Garwa ta Kamaru Msakni na Tunisiya ya bugo daga nesa ta wuce ta hannun Maduka Okoye aka fitar da mu, abin da aka yi ma yaron nan a soshiyal midiya ba ya faɗuwa, har da masu yi mashi barazana, wai ya tsaya gyaran gashi da ɗaukar hoto. Bayan wata biyu a Abuja a wasan neman tikitin kofin duniya Thomas Partey na Gana ya buga wata da ba ta da wani ƙarfi ta bi ta ƙarƙashin Francis Uzoho, aka tashi ɗaya da ɗaya Gana ta tafi Katar muka zauna gida. Minti na 10 fa aka ci ƙwallon nan, akwai minti tamanin da 'yan gabanmu masu tsada suka kasa cin ta biyu, amma sunan wa ake kira har yau?

Ba mu kaɗai ba ne. Karius na Liverpool ya yi kuskure biyu a wasan ƙarshe na zakarun Turai da Real Madrid a 2018, ya miƙa ma Benzema ɗaya ta Bale ta zame mashi, daga baya likitoci a Amurka suka ce ya samu buguwar kai tun kafin kuskuren farko, ba wanda ya saurara, bai sake tsare ma Liverpool raga a wasan gasa ba. Barbosa na Birazil da Ghiggia na Uruguay ya ci a filin Marakana 1950 suka rasa kofin duniya ya rayu shekara hamsin bayan nan ana nuna shi da yatsa. Robert Enke na Jamus, golan ƙasa, ya yi ta fama da ciwon damuwa a ɓoye don tsoron kar a sani ya rasa kujera, har ya hallaka kanshi a 2009. Allah ya kyauta. In na ji ana kiran yaro rariya ko kwando daga kan tirbin, wajen zaman 'yan kallo, a Karkanda, kuma ni ma na sha kira, sai in tuna mutum ne ke tsaye can shi kaɗai, nesa da abokan wasanshi, kusa da bakin 'yan kallo.

Kuma mutane na ganin kamar aikin tashi sama ne kawai. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsawonta 2.44, ba ɗan Adam da zai rufe wannan da jikinshi, abin da gola ke yi shi ne ya rage ta da tsayuwa, taku biyu gaba taku ɗaya hagu tun kafin a buga, ta yadda mai bugu zai ga ragar ta ƙanƙance. Shi ya sa gwanin gola sau da yawa ƙwallo kamar nemanshi take tana faɗa mashi a ƙirji, sai ɗan kallo ya ce ai a jikinshi aka buga, shi kau wanda ya tsaya ba daidai ba sai ya yi ta shawagi kamar shirwa ana tafa mashi. Ga tsawa, shi ke ganin fili duka, shi ke jera katanga in za a buga firikik, shi ke cewa wane riƙe wane, golan da ba ya magana ko ya iya kamu zai sha ci. Fenariti kuma daga mita 11 ake bugawa, in an sa ƙarfi ƙwallo ba ta kai rabin daƙiƙa ta iso, in ka jira ka ga inda ta nufa ka makara, dole ka karanci ƙafar da mai bugu ya dasa da kwatangwalonshi ka zaɓi gefe, tun 2019 kuma doka ta ce ƙafa ɗaya na kan layi har a buga. Yanzu manyan kulob na haɗa ma gola bidiyon duk mai bugu, wasu har a jikin gorar ruwa suke liƙa takardar. Ronwen Williams golan Afirka ta Kudu, wanda Nwabali ya kayar a daren nan na 7 ga Fabrairu, kwana huɗu kafin nan fenariti huɗu ya kaɗe ma Kef Bade, wannan ba sa'a ba ce kawai. Abin da ya fi duka wuya a wajena shi ne zaman banza, golan babbar ƙungiya na iya yin minti tamanin bai taɓa ƙwallo da hannu ba, jiki ya yi sanyi, hankali na son ya tafi wani wajen, sai a minti na 88 a zo mashi sau ɗaya, kuma a kan wannan ɗayar za a yanke mashi hukunci.

Sannan aikin kanshi ya canza a hannun masu yin shi. Kafin 1992 ɗan baya na iya mai da ma gola ƙwallo da ƙafa ya duƙa ya ɗauka, a yi ta cin lokaci, sai aka hana, dare ɗaya aka ce ma mutanen da suka zaɓi raga don ƙafarsu ba ta da kyau to ku fara wasa da ƙafa. Guardiola ya zo Manchester City 2016 ya tarar da Joe Hart, golan Ingila na ɗaya wanda ya ci lig biyu da kulob ɗin, ya ce bai yi mashi ba don ba ya iya fara wasa daga baya, ya kawo Bravo, bayan shekara ya kawo Ederson. Hart bai manta kamu ba, ma'aunin ne aka canza. Onana kuma ƙafar ce ta kai shi Manchester United a 2023 bayan ya kai wasan ƙarshe na zakarun Turai yana Inter, da aka zo sai hannun ya riƙa ba shi kunya, 'yan United na gidan kallonmu har yau in ka ambaci sunanshi sai an yi faɗa. Ko a 2025 an sake taɓa doka, gola ya riƙe ƙwallo ya wuce daƙiƙa takwas a ba abokan hamayya kwana.

To ka dawo da wannan duka filinmu na unguwa. Ana son yaro ya iya karɓar fas yana fuskantar ragarshi, a filin da ƙwallo ke tsalle kamar kwaɗo saboda rami da tsakuwa. Ana son ya koyi faɗuwa, a ƙasar da in rani ya yi ta fi siminti tauri, ya yi faɗuwa uku kwatangwalo da gwiwar hannu sun sale, gobe ba zai sake ba, sai ya koyi tsayawa yana kai ƙafa. Safar hannu ta kirki ta fi ƙarfin aljihun ubanshi, ta gwanjo ce wadda tafinta ya riga ya cinye, wasu har tofa mata yawu suke don ta kama. Kocin unguwa, Allah ya saka mashi don kyauta yake yi, shi ma ɗan gaba ne a zamaninshi, tirenin ɗin gola a wajenshi shi ne a jera yara goma sha biyar su yi ta dirka mashi shot har magariba. Wannan tirenin ɗin masu bugu ne, golan allon gwaji ne kawai. Ni a ganina duk mai son ya taimaki ƙwallon Katsina da gaske, kafin ya sayi jesi saiti goma a rubuta sunanshi a baya, ya nemo tsohon gola ɗaya ya riƙa biyanshi, a zuba yashi mai laushi a kusurwar fili, a ware yara biyar.

Abin da sana'ar ke biyan mai haƙuri da shi shi ne tsawon rai a fili. Dino Zoff ya ɗaga kofin duniya da Italiya a 1982 yana da shekara 40. Buffon sai 2023 ya ajiye safa yana 45. Essam El-Hadary na Masar ya buga kofin duniya na 2018 yana 45, ya ma kaɗe fenariti a wasansu da Saudiyya. Namu Peter Rufai, Dodo Mayana, wanda ya rasu a Yulin 2025, yana tsakiyar shekarunshi na talatin aka sake kiranshi ya tsare raga a kofin duniya na Faransa 98. Gola ba ya gudun kilomita goma a wasa, kuma abin da ya fi buƙata, wato karatun wasa da sanyin zuciya, ƙaruwa suke da shekaru. Amma kar a ɗauka jikin na hutawa, ka kalli yatsun tsohon gola ka ga yadda suka karkace, ga kafaɗa ga ƙugu, Petr Cech kwanyar kanshi ta fashe a wasa da Reading 2006 ya ƙarasa sana'arshi da hular kariya. Wani kuma ba fili ne ke tsayar da shi ba, Carl Ikeme da ya gaji Enyeama a Najeriya ana cikin neman tikitin kofin duniya na Rasha a 2017 aka gano yana da sankarar jini, ya warke amma bai koma raga ba.

Wajen kuɗi da girma kuwa har gobe a baya suke. Tunda aka fara ba da Ballon d'Or gola ɗaya ne ya taɓa ci, Lev Yashin na Tarayyar Sobiyat a 1963. Fam miliyan 71 da 'yan kai da Chelsea ta biya kan Kepa a 2018 ita ce mafi tsada da aka sayi gola, shekara guda kafin nan PSG ta biya yuro miliyan 222 kan Neymar. Wannan a Turai ke nan inda ko gola na uku na cin abinci mai kyau, Scott Carson ya yi shekara shida a City wasa biyu ya buga ya kwashi lambobin yabo, wasu na mashi dariya ni kau na ce Allah ya ba mu irin wannan aiki. Gola na uku a lig ɗinmu na gida fa? Tafiyar mota daga nan zuwa Aba ko Uyo, a kwana a hanya, ya zauna benci ko ma a bar shi a tirbin, alawus ɗin wasa in an ci ya samu guntu, kaka ta ƙare a sallame shi ba wanda ya taɓa ganin ya kama ƙwallo balle wani kulob ya neme shi. Da Nwabali bai samu hanyar Afirka ta Kudu ba inda ake nuna wasanninsu a talabijin da kyau, wa ya san inda yake yanzu.

Ranar Lahadi 11 ga Fabrairun 2024 ɗin nan muka koma gidan kallon, wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kwaddibuwa a Abijan, mai gidan ya gyara bencin da ya karye ya ƙara kuɗin shiga. Mai gyaran wayar nan ya zo da wuri, duk wanda ya shigo sai ya tare shi da "yau yaronmu zai kawo kofi." Troost-Ekong ya ci da ka kafin hutu, ɗaki ya ɗauka. Bayan an dawo aka bugo kwana Kessie ya tashi ba wanda ya riƙe shi ya farke, minti na 81 Adingra ya wuce ɗan bayanmu ya kwaso ta Haller ya sa tsinin takalmi a gaban raga ta shige. Ko ɗaya cikin biyun ba ta gola ba ce, duk mai ido ya gani. Rafali ya hura tashi, kowa ya miƙe jiki a sanyaye ana neman takalma a bakin ƙofa, sai na ji muryar mutumin daga wajen janareta yana ce ma na kusa da shi, "ai ni na san shi, tun a Karkanda haka yake, ba ya fitowa kwana."